Kujerar Kawu

Shafi na 9

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, na gani. Ku gyara zama, yau dai ranar taron ce.

* * *

Da hantsi Malama ta isa gidan Kawu. Taron ƙungiya sai da yamma, amma ta ga bai dace ya fara jin maganar a gaban mutane ba.

Ƙungiyar tasu ta 'yan sa kai ce. Suna kai marasa lafiya asibiti, suna nemo masu ba da jini, suna zaman jinyar wanda ba shi da kowa. Kawu ne ya kafa ta bayan ya yi ritaya daga tuƙin motar asibiti, kuma tun daga ranar shi ne shugaba. Wayar ƙungiya tana aljihunsa. Mukullin motar ƙungiya yana aljihunsa. Wa zai je, wa zai zauna, duk a bakinsa. Malama 'yar ƙanwarsa ce, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, kuma ita ce mataimakiyarsa, amma a suna kawai. Aikinta ta jera benci ta share allo.

A satin da ya wuce wani birkila ya faɗo daga saman gini. Aka yi ta kiran wayar ƙungiya, tana shiga, ba a ɗauka. Dogo bakanike, wanda ke tuƙa motar in Kawu ya ba shi izini, ya ruga ya same ta a kulle. A bayan motar ɗaukar bulo aka kai mutumin asibiti, ramukan hanya suna ta wurgi da shi. Ya rayu. Likita ya ce da wuya ya sake tsayawa da ƙafafunsa.

Tun ranar matasan ƙungiya ba su da zance sai na cire Kawu.

Ta same shi a falo, rediyo na ta ƙara har gilashin taga na rawa. Ta yi sallama bai amsa ba. Ta sake, shiru. Sai da inuwarta ta faɗi a kan ƙafarsa ya ɗago, ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kiranta da shi ba. "Shigowa kike kamar ɓarauniya."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa kamar yadda ta saba. Inna, matarsa, ta kawo shayi ta ajiye, ta dubi Malama, ta dubi mijinta, ta koma kicin.

Malama ta sunkuyar da kai ta fara bayani. Ta daɗe tana shirya maganar, saboda haka ta fito mata a jere. Ta yi nisa sosai kafin ya katse ta.

"Ɗago kanki. Ba na son magana cikin mayafi."

Ta ɗauka faɗa ne. Ta ɗago, ta sake daga farko, shi kuma ya zuba wa bakinta ido.

Ta ce a raba ƙungiyar gida uku: masu mota, masu neman jini, masu jinya, kowane da jagoransa. Wayar ta riƙa zagayawa, kowane sati a hannun mutum ɗaya. A yanka wani mukullin a ajiye a kemis ɗin da ke kusa da inda motar take kwana, tunda ba ya rufewa da rana. Duk wanda ya shigo sabo a koya masa yadda ake ɗaga wanda ya ji rauni kafin a tura shi ko'ina. Kuma a riƙa zaɓen shugaba duk bayan shekara biyu.

"Ni fa?"

"Ka zama uban ƙungiya, Kawu. A riƙa zuwa neman shawararka."

"Wato hoto a bango."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne. A rataye ni, a riƙa goge min ƙura in za a yi baƙi."

Ya kurɓi shayi. Ya tuna mata wanda ya tura motar nan shi kaɗai lokacin da ba ta da batir, da wanda ya kwana a barandar asibiti yana gadin gawar mutumin da bai sani ba har danginsa suka zo. Ya ce shi Dogon da ke ɗaga murya yanzu, a hannunsa ya koyi riƙe sitiyari. Duk gaskiya ne, Malama ta sani, ba ta musa ko ɗaya ba.

Ta ce masa a da in ana taro har a taga ake tsayawa, yanzu rabin bencin babu kowa. Ta ce mutane suna kawo shawara daga baya, ba ya ko waiwaya, sai su ga an raina su, su daina zuwa. Mai kemis ya tafi. Matan nan biyu masu zaman jinya sun tafi.

"Wanda ya zo don Allah ba ya tafiya," in ji shi.

Sannan ta yi tambayar da kowa yake yi a bayan idonsa.

"Kawu, ranar da birkilan nan ya faɗo, ina kake?"

"Ina gida."

"Wayar fa?"

Ya dubi wayar, tana nan a hannun kujera, tsohuwa mai madannai, an ɗaure murfinta da roba.

"Shayinki zai huce."

"Mutumin nan yara huɗu gare shi."

"Na je na gan shi."

"To me zan ce wa mutane?"

"Ba sai kin ce komai ba." Ya ajiye kofin. "Yau magana biyu za a yi. Tayar gaba da ta suɗe, da waɗanda za su riƙa zuwa dubiya. Wannan tsarin naki ki bar shi a jakarki. Kin ji ni?"

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Shi kuwa bai jira amsa ba, don tun da ya riƙe ta ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Ya kunna rediyonsa.

* * *

Ta ɗauki kofunan ta kai kicin. Inna tana tsaye a gaban wurin wanke-wanke, famfo a buɗe, ba ta wanke komai.

"Rufe ƙofar," ta ce.

Malama ta rufe.

"Ba sai kin rage murya ba. Ko kin fasa faranti ba zai ji ba."

Malama ta tsaya da kofunan a hannu.

Inna ta kashe famfon, ta goge hannunta a zani, ta faɗi maganar a sanyaye kamar wadda ta gaji da ɗaukarta. Kunnen Kawu ya tafi. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Ya fi shekara ana haka. In mutum yana gabansa yana ganin bakinsa, yana tsintar magana. In ya juya baya, ko ya yi nisa, ko mutane suka yi yawa, babu. Wayar ƙungiya kuwa ita Inna ce kunnenta. In ta yi ƙara ta ruga ta ɗauka, ta saurara, ta tsaya a gabansa ta faɗa masa, shi kuma ya karɓa ya ba da umarni kamar shi ya ji.

"Ranar na je kasuwa," ta ce. "Na dawo na same shi a kujerar nan yana gyangyaɗi, wayar a gefen hannunsa tana ta haske."

"Ya san abin da ya faru?"

"Ni na faɗa masa. Ya shiga ɗaki, bai fito ba sai washegari."

Malama ta ajiye kofunan a hankali. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar da ba ya amsawa a hanya. Mai kemis da ya miƙe a taro ya yi bayani mai tsawo, Kawu ya ce a wuce magana ta gaba. Duk abin da aka kira girman kai.

"Me ya sa bai je asibiti ba?"

"Ya je. An ce a sa masa abin ji a kunne. Ya ce ranar da aka gan shi da shi, ranar za a karɓe masa ƙungiya." Inna ta gyara ɗaurin kanta. "Ya ce in na faɗa wa wani bai yafe min ba. To na faɗa. Ni ma ban yi barci ba tun ranar."

"To a taro yaya yake yi?"

Inna ta dube ta kamar ta yi mamakin tambayar.

"Ke yake kallo mana. In kin gyaɗa kai ya gyaɗa. In kin ɗaga hannu ya ɗaga. Ya ce Uwata ba za ta kai shi rami ba."

Inna ta kama hannun Malama, ta roƙe ta kada ta tona shi a gaban yaran nan. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar wasu, in aka fara tausaya masa a bainar jama'a ba zai daɗe ba.

Da za ta fita ta bi ta falo. Ta tsaya a bayan kujerarsa ta ce, "Kawu, na tafi."

Yana kallon bango, yana kaɗa ƙafa.

* * *

A ajin da Malama ke koyarwa ake taron, tunda Asabar ce babu ɗalibai. Rabon da a cika haka an daɗe. Waɗanda suka yi fushi suka daina zuwa duk sun dawo, har mai kemis, ya zauna can baya ya harɗe hannu. Fanka ɗaya ce ke aiki, tana juyi tana ƙugi.

Kawu ya shigo da farar rigarsa, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya zauna a kujerar malami a gaban allo. Ya nuna wa Malama bencin gaba, daidai inda zai riƙa ganinta.

Tunda maganar ta shafi shugaba, aka ce Dokta ya jagoranci zaman. Likitan dabbobi ne, dattijo mai son bin ƙa'ida, wanda ko gaisuwa sai ya yi ta a jere. Kawu ya ga Dokta ya miƙe, ya ɗauka sanarwa zai yi, ya gyaɗa masa kai.

Dogo ya riga kowa tashi. Ya ba da labarin ranar tun daga farko: yadda ya ja ƙofar motar har hannun ya kusa fita, yadda ya leƙa ta gilashi yana ganin gadon ɗaukar mara lafiya a ciki, yadda ya riƙe kan birkilan a cinyarsa a bayan motar bulo, mutumin yana tambayarsa me ya sa ba ya jin ƙafafunsa.

"Ko haƙuri bai ba mu ba," ya ce. "Ku dube shi. Ina magana yana kallon taga."

Kawu yana kallon taga. Wata akuya ce ta shigo filin makaranta.

Aka fara hayaniya, kowa na magana a lokaci ɗaya. Malama ta duba jakarta. Ta san in ta yi shiru, hayaniyar nan za ta ƙare da rabuwar ƙungiya, matasa su kama gabansu, a bar tsofaffi da mota da waya. Ta kuma san abin da Kawu ya ce mata da safe.

Ta miƙe.

Dole ta fuskanci jama'a in za ta yi musu magana. Hakan ya sa ta ba shi baya.

Ta fara da ƙaramin abu. Ta ce daga yau mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya, kuma in an fara ƙuri'a babu mai buɗe baki sai an gama ƙirge. Dokta ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi. Malama ta ɗaga nata.

Ta gefen ido ta ga farin hannun riga ya tashi a bayanta.

Sai ta kawo maganar raba aiki gida uku. Ta kira sunan aikin kowane rukuni, ta ce su zaɓi jagoransu da kansu. Aka ɗaga hannu. Ta ɗaga. Kawu ya ɗaga.

Ɗakin ya fara lafawa. Mutane suka soma kallon juna.

Zagayawar waya. Ya ɗaga.

Mukulli a kemis. Ya ɗaga, har da murmushi. Mai kemis ya warware hannunsa ya gyara zama.

Koyar da sababbi, da zaɓe duk shekara biyu. Ya ɗaga.

Wata tsohuwa cikin masu jinya ta ce a hankali, ashe dai Shugaba yana da sauƙin kai, mutane ne ba su fahimce shi ba. Malama ta ji ta. Abin da ta kwana biyu tana tsoron ba zai yiwu ba ya wuce cikin ɗan lokaci, babu ko musu. Ta koma ta zauna. Kawu ya dube ta ya lumshe ido, alamar ta yi daidai. A tunaninsa an gama maganar taya, an shiga ta dubiya.

Saura abu ɗaya a tsarinta, na naɗa shi uban ƙungiya. Tana neman yadda za ta fara Dogo ya sake miƙewa.

"Duk wannan ya yi," ya ce. "Amma ba a taɓa maganar da ta tara mu ba."

Dokta ya ce ya faɗi abin da yake so a taƙaice.

Dogo ya ce matar birkilan ta tambaye shi ko an hukunta wanda ya ƙi ɗaukar waya, ya rasa amsa. Ya ce gyaran tsari daban, alhaki daban. Mutum ya ji waya na ƙara ya ƙi ɗauka, wani ya rasa ƙafafunsa, ba zai yiwu ya ci gaba da sa rigar ƙungiya ba.

"Ina neman a sauke shi yau, kuma a cire shi daga ƙungiyar gaba ɗaya."

Wani saurayi ya ce ya mara masa baya.

Malama ta juya ta dubi Kawu. Yana gyara hular kansa. Kalma ɗaya za ta faɗa maganar Dogo ta rushe. Ta tuna hannun Inna a kan nata. Tana cikin wannan ne Dokta, wanda bai ga kowa ya nemi magana ba, ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu.

Matasa suka ɗaga. Tsofaffi suka sunkuyar da kai. Mai kemis ya yi jim, ya ɗaga. Da ido ma ana ganin ɗakin ya rabu biyu daidai.

Sai a lokacin ta yanke shawara. Ta miƙe ta fuskanci jama'a, ta ɗaga hannu da sauri.

"Dokta, ina da magana."

"An fara ƙuri'a, Malama. Dokar da kika kawo ce."

"Ba ƙuri'a nake ba, magana…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga idanun mutane sun bar kanta sun koma bayanta.

Hannun Kawu yana sama. A miƙe, tafi a buɗe, kamar sauran lokutan.

Ta sauke nata da sauri. Shi bai gani ba, yana kallon Dokta da ke ƙirge da yatsa. Dokta ya ƙirga, ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa.

"Na cire naki, Malama, tunda kin ce magana ce," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "An yi kunnen doki. Hannun Shugaba ne ya raba."

Babu wanda ya motsa. Fanka na ta ƙugi.

Tsohuwar nan mai jinya ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani daga baya ya ce bai taɓa ganin mutum ya yanke wa kansa hukunci haka ba. Matasan da suka ɗaga hannu suka riƙa sauke shi ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Dogo ya fito daga cikin benci. Ya zo gaban allo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce shi dai bai zaci haka ba. Ya ce da ya san abin yana cin Kawu a rai har haka, da bai kai maganar nan ba. Ya roƙe shi ya yafe masa. Duk a ƙasa yake maganar, bakinsa na fuskantar siminti.

Kawu ya dafa kansa, ya ce Allah ya yi masa albarka, ya ce in an sayo tayar shi Dogo zai ɗaura.

Dogo ya ɗago a hankali.

Kawu ya dubi fuskarsa. Ya dubi tsohuwar da ke kuka. Ya dubi Dokta da ke tsaye da tabarau a hannu. Murmushin ya tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, sannan ya tafi.

Ya juya wajen Malama. Ya yi niyyar yin raɗa ne, amma wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin ƙarfinta. Har na bencin ƙarshe ya ji.

"Uwata, wannan na ƙarshen, a kan me muka ɗaga?"